Riɗin Baba Nomau

Ƙullin na fara gani, tun ban san abin da ke cikinsa ba. Wani ɗan ƙyalle ne shuɗi, irin shuɗin rawanin Buzaye, an ɗaure bakinsa da zare an cusa shi cikin jinkar ɗakin Kaka Tsahara, daidai saitin gadonta. Ina kwance rigingine, kaina bisa cinyarta, hasken wuta yana wasa a rufin ɗaki, sai idona ya sauka a kansa. Duk abin da ke soke a jinkar nan na san shi kamar yatsun hannuna: ludayin fura, tsinken tsifa, tandun kwalli, tsohon carbin da ya tsinke. Wannan kuwa baƙo ne.

"Kaka, minene wancan?"

"Wanne?"

"Shuɗin can."

"Idonki ya cika yawo, Habsu. Maido shi gida."

Da ta ce mini laya ce, da na manta da shi kafin gari ya waye. Amma Kaka ba ta taɓa ɓoye mana sunan abu ba sai ranar. Kuma na ji cinyarta ta ɗan motsa a ƙarƙashin kaina.

Shekarata tara a lokacin. Ƙauyenmu yana wajen Bawdeta, tafiyar rabin yini a amalanke zuwa Tasawa. An gama girbi, an jera dammunan gero a rumbu, sanyi ya fara leƙowa. A irin wannan lokaci, da an ci tuwo bayan magariba, mu jikoki sai mu taru a ɗakin Kaka. Takan hura wuta da karan dawa da 'yan itacen sabara, ta binne gyaɗa a toka, ta miƙe ƙafafu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Ita cewa take yi, "Ga wata nan tahe, ƙahwarta duk ƙaya." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo mu cire mata!"

A gidanmu Kaka ce mai ajiyar iri. Ita ke zaɓen zangarniyar da za a bari don baɗi, ita ke cuɗa wake da toka ta zuba a gora ta liƙe bakin da laka. Tana da wata doka da har maƙwabta sun sani: ba ta kai ƙwaya bakinta sai ta taɓa ganin uwarta a tsaye cikin ƙasa. Shinkafa ma sai da wata tafiyar biki ta kai ta inda ake nomanta kafin ta yarda da ita. Taliya kuwa har ta koma ga Allah ba ta ɗanɗana ba. "A nuna mini gonar da take hitowa," in ji ta. Muna dariya, amma dokar ba daga wasa ta samo asali ba. A wata shekarar yunwa, tana yarinya, ƙanenta Labo ya tsinci wasu 'ya'yan daji masu kama da wake ya gasa ya ci. Kafin rana ta faɗi ya cika a bayanta, tana goye da shi za ta kai shi gida.

Cikin kwana biyu na gano mai ƙullin, don a gidanmu magana ba ta kwana a ciki. Baba Nomau ne, wani dogon tsoho ɗan garinmu. Ya tafi bida, wato neman kuɗi, ƙasar Aljeriya tun yana saurayi, ya yi ɗinki a Tamanrasat shekara da shekaru, sai da matarsa ta rasu can ya dawo. Ya tarar da gidansu ya zama kango, ya gyara ɗaki ɗaya ya zauna shi kaɗai. Yana dafa shayi sau uku a yini, yana sa baƙin tabarau saboda idonsa ya fara yana. Mutane suna gaishe shi, amma da gefen ido. Wanda ya daɗe a ƙasar wasu, in ji su, ba a san abin da ya koyo ba.

Gwaggo Indo, ƙanwar babana da ke zaune a gidanmu, ita ta ba Innata labarin suna surfe, ni kuwa ina gefe ina tsince tsakuwa a wake kamar ba na ji. Wai a zamanin 'yammatanci Nomau ya so Kaka. Ya ce ta jira shi damina biyu ya je ya nemo abin aure. Ta jira uku. A ta huɗu ta auri kakanmu da son ranta, ta haifa masa shida. Yanzu kakanmu ya shekara bakwai a ƙasa, Nomau ya dawo, kuma ya turo dattijo wurin babana: yana son Tsahara, ko da zaman hira da damun fura ne. Ya kuma faɗi gaskiyarsa. Ɗansa da ke aiki a Arlit zai zo ya ɗauke shi kafin zafi ya shigo, don ba zai bar tsoho mai ciwon ido shi kaɗai ba. In Kaka ta yarda, zai zauna. In ba ta yarda ba, zai bi ɗansa.

Kaka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ƙullin kuwa a bakin kasuwa ya ba ta. Kaka ta daɗe tana fama da bushewar ciki, kowace ranar kasuwa sai ta sayi ganyen filasko. Sai ya tare ta ya ce, "Tsahara, filasko yana wanke ciki, amma yana gajiyar da hanji. Ga abin da Larabawa ke sha. Ki daka, ki zuba cokali guda a kunu, ki bi shi da ruwa da yawa."

"To wa ya hwaɗa mishi abin da ke cikinta?" in ji Gwaggo, ta tsai da taɓarya a sama. "Namiji ya zauna yana lura da ganyen da tsohuwa ke saye? Wannan ba so ba ne, hwako ne."

Ni da na girma da littattafan soyayya na kasuwa a ƙarƙashin matashina, da a shafi na tarar da namijin da ya lura da ganyen da mace ke saye, da na rungume littafin a ƙirji na lumshe ido. Amma a lokacin maganar Gwaggo ce ta shige ni. Duk sanda na hango baƙin tabaran nan a gindin bedi, sai in canza hanya.

A wannan makon ne Kaka ta zo mana da tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Wata yarinya ce, ana ce mata Ta-Rijiya, don kullum tana bakin rijiya. Ran nan sai ga baƙo bisa raƙumi, ya roƙi ruwa, ta ɗebo ta ba shi. Da ya sha, sai ya zuba mata wasu ƙwayoyi a tafi, masu sheƙi kamar bayan buzuzu. Ba ta tambayi sunansu ba, ta watsa a baki. Tun daga nan ƙafafunta suka daina jin maganarta. Raƙumi ya tashi ya yi arewa, ita ma ta bi sawunsa, guga na hannunta. Uwarta ta fito tana kira. A nan Kaka takan rage murya ta rera:

"Ɗiyata, ɗiyata, waiwayo,
Hurarki na cikin ƙwarya."

Sai ta sirantar da murya ta amsa:

"Inna, ba ni na ƙi ba,
Ƙwayar baƙo ke ja na."

Haka ta tafi har rairayi ya shafe sawunta. "Tatsuniya ta koma inda ta hito," in ji Kaka. "Wanda zai bi ta ya ɗauki goran ruwa." Yaran suka shiga tonon gyaɗa. Ni kuwa na ɗaga kai na dubi ƙullin, na ga ita ma shi take duba.

Washegari da ta tafi gaisuwar mutuwa, na taka gadonta na zaro shi. Tsoro nake ji, amma son sani ya fi ƙarfin tsoron. Da na kwance zaren sai na kusa yin dariya. Riɗi ne! Sai dai ya fi namu girma da faɗi, ga shi ja-ja mai duhu, ga santsi, yana zillewa tsakanin yatsu. Na tauna 'yan ƙwayoyi, na ji ɗan garɗi kamar na gyaɗar da ba ta gama gasuwa ba. Na sake ɗiba ke nan sai na ji motsi a tsakar gida. Na watsa abin da ke hannuna cikin moɗar ruwa da ke bayan randa, na ɗaure ƙullin na mayar.

Da safe na tuna da moɗar. Na leƙa, sai na ga ruwan ya yi kauri. Na tsoma yatsa na ɗaga, ya biyo ni yana ja kamar zare. Ban san sanda na kwasa da gudu ba.

"Gwaggo! Gwaggo! Riɗin Baba Nomau ya ɗaure ruwa!"

Gwaggo ta ɗaga yauƙin nan a gaban kowa, yana sauka a hankali daga yatsanta. "La'ilaha illallahu! Kun gani? Igiya ce. Abin da ya yi wa ruwa shi zai yi wa zuciya." Da ta ji na tauna, sai aka ɗura mini ruwan gishiri har na amayar, aka karɓo rubutu aka ba ni. Kwana uku ana lura da ƙafafuna, ko za su nufi ɗakin Baba Nomau. Ko bayan gida zan je sai Gwaggo ta leƙo ta ga inda na dosa.

Kaka ba ta dake ni ba. Dubana kawai ta yi, dogon duba, ta ɗauki ƙullinta ta sa a lalitarta.

Babana, Sani, mutum ne mai sanyi, amma shi ma yana da nasa zargin: ko gonar Kaka ta bakin fadama ce tsohon yake hange. Ya aika aka kira Baba Nomau bayan la'asar. Suka zauna a zaure, moɗar na tsakaninsu. Mu mata muna bayan zana.

"Baba Nomau, ka yi haƙuri da ni, ɗanka ne ni. Amma wannan abin, mi ke nan?"

Tsohon ya cire tabarau ya kusanto da moɗar fuskarsa, sai ya yi murmushi. "Sani, ai yauƙin shi ne maganin. Shi ke tausasa ciki. Kuɓewa ma yauƙi gare ta. Karkashi fa? Lalo fa? Wa ya taɓa kai su ƙara wurin malam?"

Ya ɗaga moɗar ya shanye, har ƙwayoyin.

"Mai sammu ai yana da makari," in ji Gwaggo daga bayan zana, da ƙarfi yadda zai ji.

Sai Kaka ta yi gyaran murya. Ba ta fito ba, daga inda take ta yi magana.

"Nomau, ni ban ce kai mugu ne ba. Uwar abin nake so in sani. Itace ce ko ciyawa? Tana yaɗo ko tana tsayuwa? Wane irin hure gare ta?"

Baba Nomau ya ajiye moɗar. "Wallahi Tsahara, ban sani ba. A buhu nake ganin shi a kasuwa. Shekara talatin ina sha, ban taɓa ganin gonarshi ba."

"Kun ji ko," in ji Gwaggo.

Ya mai da tabaransa, ya yi sallama ya fita. Kafin sallar isha'i labari ya gama gari. Daga ranar matan da ke aika masa da ɗan tuwo suka rage, masu zama shan shayinsa suka koma mutum biyu.

Bayan kwana kaɗan na ga Kaka ta watsa wa kazarta wake-wake 'yan ƙwayoyin, ta tsaya tana kallonta har ta tsince. Kaza ba ta yi komai ba, sai ma ƙwai da ta saka washegari. Da yamma muka ce a ba mu Ta-Rijiya. Ta fara kamar da, baƙo ya sha ruwa, ya zuba ƙwayoyi a tafi. Amma wannan karon yarinyar ba ta ci ba. Ta kai gida ta ba kaza, kaza ta ci ta kwana lafiya. Ta ce, "Inna, kin gani, ba komi." Uwar ta ce, "Ke wawuya, kaza tana da zuciyar da za a sace ne?"

"Kaka, rannan ba haka kika ce ba," in ji ni. "Cewa kika yi ta ci ta bi shi."

"Tatsuniya ce, ba karatun allo ba. In ta ga dama ta canza zane."

"To yanzu baƙon mugu ne ko ba mugu ba ne?"

"Ni ina na sani? Ina wurin ne?"

Ta tura itace cikin wuta da ƙarfin da ya fi na kullum, tartsatsi ya tashi.

Sanyi ya yi tsakiya sanda na gano tukunyar. Na bi wata 'yar akuya bayan rumbu, sai na ga an kewaye wani lungu da ƙaya. A ciki akwai tsohuwar tukunya mai tsaga, cike da ƙasa da taki, wasu siraran tsirrai sun fito, tsawon yatsa, ganyensu ƙanana kamar an yanka da almakashi. Ban taɓa ganin irinsu ba, kuma nan take na san ko mene ne. Ina juyowa na ga Kaka tsaye da buta.

"Kin ga wani abu?"

"A'a."

"Madalla. Wancan karon bakinki ya riga hankalinki. In na ji wannan a bakin Indo, ko a bakin kowa, ni da ke mun raba tabarma."

Daga ranar muka zama mu biyu. Takan rage ruwan butarta ta zuba musu safe da yamma. Ta karya kara ɗaya ta duba ko zai fid da farin ruwa irin na tumfafiya, bai fitar ba. Ta murza ganye ta sansana. Ta ba akuya, akuya ta ci ta nemi ƙari. Na ce, "Kaka, ai shi ke nan, ba shi da laifi." Ta girgiza kai. "Ganye ƙarya gare shi. Hure ne ba ya ɓoye halin uwa."

A tatsuniya kuwa, Ta-Rijiya ta sake canza zane. Yanzu ta shuka ƙwayoyin a bayan rijiya, ba ta gaya wa baƙon ba, tana ba su ruwa da ragowar guga.

"Sai mi, Kaka?"

"Sai ta jira."

"Baƙon fa?"

"Raƙuminshi na durƙushe. Bai tashi ba tukuna."

"To ƙarshen fa?"

"Bai iso ba. Ku ci gyaɗarku."

Yaran suka yi ta gunaguni, wai wannan tatsuniya ba ta da kai. Ni kaɗai na san ƙarshenta yana bayan rumbu, kuma kullum da safe nakan je in auna shi da hannuna. Ya kai gwiwata. Ya yi rassa a sama. Sai wasu 'yan ƙulle-ƙulle suka fito a kan rassan, sun sunkuyar da kai.

Ranar da na ƙirga ƙulli goma sha ɗaya, da hantsi, muka ji kukan mota a garin. Ɗan Baba Nomau ne, ya zo tun sanyi bai gama tafiya ba, don lokacin ne aka ba shi hutu. Ya ji abin da ake faɗa game da ubansa, ya ce ko kwana ba za su ƙara ba.

Tsohon ya zo ƙofar gidanmu da sandarsa. Kaka ta fito zaure, ni ina riƙe da gefen zanenta.

"Tsahara, mota ta zo."

"Na ji kukanta."

"Ba ki da wata magana?"

Na ga ta juya ido wajen rumbu. Na so in ce masa: ta shuka, Baba, saura kaɗan, ka ce wa ɗanka ya jira! Na ɗaga kai na dube ta. Ta matse kafaɗata.

"Ka yi saurin tahiya, Nomau. Kullum kai mai sauri ne."

"Wata uku na zauna ina jira."

"Ni damina uku."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Gaskiyarki. To, a yahe juna. Ƙullin, in ba ki so, ki ba kaji."

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya yana laluben ƙasa da sanda. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

Kwana huɗu bayan haka, da sassafe, furen ya buɗe. Shuɗi ne, shuɗi mai taushi kamar sama bayan an ɗauke ruwa, kowane fure bai fi farcen babban yatsa ba, iska na kaɗa su a kan siraran karansu. Na ruga na kira Kaka, wannan karon da raɗa. Ta zo ta tsuguna. Ba ta taɓa su ba. Ta zauna nan a ƙasa, ba ta dama fura ba, ba ta amsa kiran kowa ba, har rana ta take tsaka. Sai furannin suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya a bakin tukunya. Ashe rabin yini kawai suke yi.

"Ashe haka kike," in ji ta. "Ba ki da laihi, baiwar Allah."

Da yamma ta fito da ƙullin a gaban kowa, ta zuba a ƙaramin turmi ta daka. Gwaggo ta yi salati, babana ya ce, "Inna, a bi a hankali." Ta zuba cokali guda a kunu ta shanye, ta bi shi da moɗa biyu ta ruwa. Kafin mako ya zagayo cikinta ya saki, ta bar sayen filasko. Gwaggo ta yi wata guda tana lura da ƙafafunta. Ba su nufi ko'ina ba, sai bayan rumbu.

A daren da ta sha, muka roƙi Ta-Rijiya.

"Raƙumi ya tashi," in ji Kaka.

"Sai mi?"

"Sai hure ya hito."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wannan ƙayarta ba ta ciruwa. Ku tashi ku tahi wurin uwayenku."

Ba ta ƙara ba mu ita ba. Da tsirran suka bushe, ta murje 'yan kawunansu ta sami iri bai cika tafi ba. Ta raba biyu. Rabi ta cuɗa da toka ta ajiye a gora, kuma kowane sanyi tana shuka shi a tukunya har shekara biyar da ta ƙara a duniya. Rabin kuwa ta ɗaure a shuɗin ƙyallen nan, ta ba wani direba ɗan garinmu da ke bin hanyar arewa. "Ka ce mishi Tsahara ta ga uwar." Direban ya ce ya kai. Amsa ba ta zo ba.

Yau ina zaune a Maraɗi da mijina da 'ya'yana. Riɗin Baba Nomau kuwa ya zama abin gari. Masu shagon magungunan Musulunci suna ce masa kattan, a jikin leda kuma an rubuta lin da Faransanci. Ƙawata Rabi, da ke aikin jinya, ta ce man da ke cikinsa yana da kyau ga zuciya da hanyoyin jini, dusarsa da yauƙinsa kuma su ke tausasa ciki su riƙe mutum bai ji yunwa da wuri ba. Sai dai a daka shi, don in an haɗiye shi ɗungurungum yadda ya shiga haka yake fita. A daka kaɗan kaɗan, don garin in ya daɗe yana juyawa ya yi ɗaci. Kada a cika, kuma a sha ruwa sosai. Ta ce daga karansa ake fid da zaren wani yadi mai tsada. 'Yata ma dafa shi take ta tace yauƙin ta shafa a gashi. Ranar farko da na ga yana ja a yatsanta, sai na tuna da moɗar nan. Duk abin da Rabi ta faɗa mini game da ciki, tsohon ya riga ya faɗa a bakin kasuwa cikin magana uku.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi, kada a ci abin baƙo. Daga baya na ɗauke ta a matsayin kuka kan yawan zargi. Yanzu kuwa Kakar kanta nake zargi. Matar da ta shekara hamsin tana juya iri a tafinta, ina jin tun ranar da ta kwance ƙullin ta san ba guba ba ne. Kaza ta ci, akuya ta ci, ni na ci, shi ya sha a gabanta. Ba na jin ƙwayar take gwadawa. Mutumin da ya ce damina biyu ya yi shekara arba'in, shi take so ta ga ko wannan karon zai zauna ba tare da an ba shi rana ba. Da ta ce masa ta shuka, da ya jira furen ne, ba ita ba. Wataƙila ina yi mata ƙarya, wataƙila littattafai ne suka ɓata ni. Abin da na tabbata kawai shi ne nawa: na yi magana ranar moɗa, na yi shiru ranar mota, kuma da na juya su da ƙila gidanmu ya ɗaura aure a sanyin nan.

Shekara uku da suka wuce na je biki Mayahi, aka zaunar da ni kusa da wata mata da ta zo daga Arlit. Muna hira sai asali ya fito, ashe jikar Baba Nomau ce. Ta ce idonsa ya rufe gaba ɗaya tun shekarar da suka ɗauko shi, kuma ya ƙara shekara shida kafin ya rasu. Ƙullin ya isa hannunsa. Ya hana a daka, ya hana a shuka, yana ƙarƙashin matashinsa, in ya zauna shan shayi sai ya fito da shi yana murzawa. Direban ya isar da saƙon yadda aka ba shi, amma bai san komai bayan haka ba. Don haka duk wanda ya zo daga wajenmu, ko mai sayar da albasa ne, sai tsohon ya sa a kira shi ya tambaye shi abu ɗaya: furen wane launi ne? Ba a taɓa samun wanda ya sani ba.

"Har ya rasu yana tambaya," in ji ta. "Ke ko kin sani?"

Makaɗa suna ta kiɗa, mata suna guɗa a kanmu. Na ce, "Shuɗi ne. Irin ƙyallen da ke hannunshi."